Yadda za ka fahimtar da ɗan'uwa cewa aikin "zauna gida ka samu kuɗi" damfara ne

Tambayar nan ta yi ta zuwa mana daga Garwa, Marwa, Ngawundere har Kusiri a arewacin Kamaru, kusan da kalmomi iri ɗaya: ƙanena, ko matata, ko Baffa da kansa, ya samu wani aiki a waya, an ce zai riƙa samun sefa dubu goma sha biyar zuwa talatin kullum yana zaune a ɗaki, na ce masa damfara ce ya ƙi ji, har mun ɓata. Me zan yi?

Kalmar "damfara ce" ita kaɗai ba ta cika fid da mutum daga tarkon ba, don wanda aka riga aka biya sau biyu ko uku yana da hujja a aljihunsa, kai kuwa baki kawai gare ka. Abin da ke aiki shi ne ka tsayar da kuɗin da zai tura nan gaba, ka bar shi ya gano ƙaryar da idonsa, kuma ka bar masa ƙofar da zai fita ba tare da ya ji kunya ba. Abin da za ka kashe bai wuce kuɗin data, kuɗin moto zuwa ofis ɗaya ko biyu, da na buga ƴan hotuna a takarda ba. Ga yadda ake bi.

1. Fara da sauraro, ka gano inda ya kai

Kafin ka yanke hukunci, nemi ya koya maka aikin kamar kai ma kana sha'awa. Wannan ba yaudara ba ce, gaskiya kana bukatar ka sani. Abubuwa biyar za ka fita da su daga hirar farko: wa ya fara tuntuɓarsa kuma ta ina, me ake sa shi yi, nawa aka taɓa biyansa, nawa ya tura da hannunsa, kuma me ya ba su ban da kuɗi, wato hoton katin shaida, lambar da aka turo masa ta saƙo, ko wata manhaja da aka ce ya sa a waya.

Tambaya ta shida ita ce mafi muhimmanci: yaushe ake jiran kuɗi na gaba? Idan gobe ne da safe, ba ka da mako guda na lallashi, ka haɗe matakai na 3 zuwa 7 a daren nan.

Hattara: kada ka nuna firgici in ya faɗi adadin da ya tura. Da ka yi salati ka dafe kai, zai rage adadin, daga nan kuma ba za ka ƙara jin gaskiya ba. Yawanci ma abin da aka fara faɗa bai kai abin da aka tura ba, sai daga baya bashin da aka ci ko kuɗin adashin da aka taɓa yake fitowa.

2. Gane irin tarkon da ya faɗa

Maganar da za ka yi ta dogara da irinsa, don haka kada ka tsallake wannan.

Wanda ya fi yawo yanzu shi ne na "ƙananan ayyuka". Saƙo yana zuwa ta WhatsApp daga wata da ta ce ita jami'ar ɗaukar ma'aikata ce, da Faransanci mai tsabta. Aikin: ka danna alamar so a bidiyon YouTube ko TikTok, ko ka ba wani otel taurari biyar, ka turo hoton allo. Ka yi uku, sai ga sefa 1,500 ko 2,000 sun shigo ta MoMo ko Orange Money, wato asusun kuɗi na waya. Kuɗi ne na gaske, ana iya cirowa a sayi katin waya. Daga nan sai a kai ka Telegram, a haɗa ka da "mai karɓar baƙi" da wani "malami", a sa ka a rukunin da kowa ke turo hoton ribarsa yana godiya.

A nan tsanin yake farawa. Ga misalin yadda yake hawa, ko da yake adadin yana bambanta. A ce ka sa 5,000 don "aiki na musamman", a dawo maka da 6,500. Ka sa 20,000, a dawo da 26,000. Ka sa 100,000, sai shafin ya nuna kana da 130,000, amma a ce aikin mai hawa uku ne, ba a cirewa sai an kammala. Hawa na biyu 250,000. In ka kawo su, sai a ce ka yi kuskure wajen danna wani abu, asusun ya daskare, sai ka biya kuɗin gyara. Bayan gyara haraji, bayan haraji "kuɗin tabbatarwa". Lambar da ke kan allo tana ta ƙaruwa, amma lamba ce kawai da wani ya rubuta. Ƴan kuɗin farko da aka biya shi tsaba ce aka watsa wa kaza, kuma daga aljihun wasu da aka riga aka cuta suka fito.

Na biyu shi ne na kuɗin fom: an ɗauke ka aikin buga rubutu ko fassara a wata ƙungiyar agaji, amma ka turo 10,000 ko 25,000 na buɗe fayil, horo ko kayan aiki. Wannan yana cin mutanen jihar Arewa Mai Nisa sosai, saboda ƙungiyoyin agaji na gaske suna aiki a Marwa, Mora da Kusiri, sunayensu kuma sanannu ne, sai a ari suna da tambari.

Na uku shi ne na sayen kaya da kawo mutane: ka sayi agogo, magani ko "matsayi" da tsada, ribarka kuma tana zuwa ne in ka kawo mutum biyu, su ma su kawo bibbiyu.

Na huɗu ya fi duka haɗari ko da yake ba a neman ko dala daga wurin ɗan'uwan naka: a riƙa turo kuɗi a lambarsa, ya cire kasonsa, ya tura sauran wata lamba ko ya saya musu kuɗin intanet irin USDT. Wannan za mu koma kansa a mataki na 8.

3. Adana shaida kafin ka ce komai

Da izininsa, ɗauki hoton allo na duk hirar tun daga saƙon farko, har da shafin da ke nuna lambar mai saƙon ko sunan da yake amfani da shi a Telegram. Ɗauki adireshin shafin intanet ɗin yadda yake a saman allo. Sannan saƙonnin MoMo da Orange Money na kowane turi, domin a cikinsu ne lambar shaidar turin, ranar, lokacin da sunan wanda ya karɓa suke. Tura duka zuwa wayarka.

Hattara: a Telegram, kowane ɓangare yana iya share hirar gaba ɗaya daga wayoyin biyu, komai daɗewarta. Ranar da suka ji ƙanshin an gane su, za a wayi gari babu ko harafi. Saboda haka hoton allo yana gaba da kowace tambaya mai zafi da za a yi musu. Kada kuma ka ɗauki wayarsa a ɓoye yana barci. In ya gane, maganar ta tashi daga damfara ta koma kan ka ci amanarsa.

4. Yi naka binciken, minti talatin ya isa

Fara da lambar da ta turo saƙon farko. Ta Kamaru tana farawa da +237, ta Cadi +235. In ka ga +62 Indonesiya ce, +63 Filifin, +84 Biyetnam, +91 Indiya, +234 Najeriya. Kamfanin da ya ce ofishinsa na Duwala amma jami'arsa tana rubutu daga Indonesiya yana da bayanin da zai yi. Lambar gida kuma ba ta wanke kowa, ana sayen layukan da aka yi wa rajista da katin wasu.

Sai sunayen masu karɓar kuɗi. Jera saƙonnin turin a takarda: rana, adadi, lamba, suna. Kusan kullum za ka tarar kowane turi sunan mutum daban ne, yau mace, gobe namiji, jibi wata lamba ta wani kamfanin waya. Wannan takardar ita ce makaminka mafi kaifi, don ba ta bukatar ilimin kwamfuta kafin a fahimce ta. Ɗan kasuwar da bai taɓa shiga aji ba ya san kamfani ɗaya ba ya karɓar kuɗi da sunan mutum bakwai.

Na uku, shekarun shafin. Rubuta kalmar whois tare da adireshin shafin a Google, ka buɗe ɗaya daga cikin sakamakon, ka duba ranar da aka yi masa rajista. Kamfanin da ke cewa ya shekara goma yana biyan mutane, shafinsa kuma bai cika wata biyu ba, ya gama yi wa kansa shaida. Duba rubutun adireshin da kyau: sukan ƙara harafi, lamba ko wata kalma a kan sunan babban kamfani.

Na huɗu, hoton "jami'ar". Sa shi a Google Lens, manhajar Google mai bincike da hoto. Sau da yawa zai fito a shafuka da dama da sunaye daban-daban.

Na biyar, sunan kamfanin. Duk kamfanin da ke aiki bisa doka a Kamaru yana da lambar rajistar kasuwanci, RCCM, da lambar mai biyan haraji, NIU, kuma hukumar haraji tana wallafa jerin masu biyan haraji a shafinta. In takarda suka turo mai hatimi, kada hatimin ya ruɗe ka, ana haɗa shi a waya cikin minti biyar. Abin dubawa shi ne ko sunan da ke takardar ya yi daidai da sunan da ake tura wa kuɗi. In sunan wani sanannen kamfani suka ara, nemi lambarsa ta wata hanya dabam, ka kira da kanka. Wani lokaci abin ma ba ya bukatar kira: masu cewa Jumia ce ke ɗaukar ma'aikata a Kamaru sun manta Jumia ta dakatar da harkarta a ƙasar tun Nuwamban 2019. In ƙungiyar agaji ce mai ofis a garinku, zuwa da kai ya fi saƙo; mai gadin ƙofa ma zai gaya maka ba a biyan kuɗi don a ɗauke ka aiki.

Hattara: kada ka yi rajista a shafin don ka gwada, kada kuma ka sauke manhajar da suka turo a matsayin fayil ta WhatsApp ko Telegram. Irin waɗannan suna iya karanta saƙonnin da ke shigowa waya, har da lambobin sirri na wucin gadi.

5. Zaɓi mai magana, wuri da lokaci

Nan ne mafi yawan mutane suke ɓata aikin, bayan sun yi bincike mai kyau. Su ɗauki hujjojin su zuba a rukunin WhatsApp na dangi, ko su tayar da maganar a gaban matarsa da ƴaƴansa ana cin tuwo. Daga wannan lokacin mutumin ba kuɗinsa yake karewa ba, mutuncinsa yake karewa, kuma zai iya ƙara tura dubu ɗari don kawai ya nuna shi ne da gaskiya.

Ku keɓe ku biyu, bayan la'asar ko bayan isha'i, lokacin da ba ya cikin "aiki". Idan ƙanenka ne ko ƙanwarka, kai za ka yi maganar, amma ka ajiye muryar babban yaya a waje. Idan ya girme ka, Kawu ne, Goggo ko mahaifi, kada ka zo a matsayin mai gyara. Ka zo da neman shawara, ko ka nemi sa'ansa da yake jin nauyi, amininsa na kasuwa ko wanda suke sahu ɗaya a masallaci, ka nuna masa takardar ya ɗauki maganar. Idan matar aure ce ta sa kuɗin adashi ko ta sayar da ɗan kunne ba da sanin miji ba, a fara da Addarta ko Innarta. Kai maganar ga miji tun farko yana iya mai da asarar kuɗi ta zama rikicin aure, kuma tsoron hakan ne ma yake sa mata da yawa ci gaba da turawa, suna fatan su mayar da kuɗin kafin a sani.

Mutum ɗaya ko biyu sun isa. Taron dangi a ajiye shi sai mataki na 9.

6. Zaman kansa: tambaya, lissafi, shiru

Buɗe da abin da yake gaskiya game da shi: neman halal yake yi, kuma waɗanda suka shirya abin sana'arsu ke nan dare da rana, sun ci malaman makaranta, sun ci ma'aikatan banki. Ga irin buɗewar da ke aiki da babba:

"Kawu, Allah ya ƙara girma. Aikin nan da kuka nuna mini na zauna na duba, akwai wuri biyu da suka ɗaure mini kai. Ku da kuka daɗe a kasuwa, ku duba mini ko ni ne ban gane ba."

Da ƙane kuwa: "Zo mu yi lissafin nan tare. In ya fita, ni ma ka sa ni."

Sai ka miƙa masa biro ya yi lissafin da hannunsa. Sefa 20,000 a rana sau 30, 600,000 ke nan a wata. Mafi ƙarancin albashi da doka ta sa a Kamaru tun 2023, a kamfanonin da ba na noma ba, 60,000 ne. Wato ana biyan mai danna waya na minti ashirin albashin mutum goma. Tambaye shi: in da gaske ne, me ya hana mai kamfanin ya ɗauki yaran unguwarsu a kan 60,000 ya riƙe sauran? Me ya kai shi neman baƙo a Garwa da bai taɓa gani ba, bai tambaye shi takarda ko ɗaya ba?

Lissafi na biyu: layi biyu a takarda, abin da ya shigo hannunsa ya taɓa, da abin da ya fita. Lambar da ke kan shafin ba ta shiga layin farko. Da yawa ba su taɓa haɗa wannan jimlar ba, don idonsu na kan 480,000 da allo ke nunawa, ba kan 9,500 da suka taɓa cirewa ba.

Sannan ka ajiye takardar sunaye bakwai ɗin a gabansa, ka yi tambaya ɗaya: a duk ayyukan da kuka sani, daga dako a babbar kasuwa har aikin kamfanin auduga na Sodecoton, wanne ne ma'aikaci yake biyan mai gida kafin a ba shi albashinsa?

Ka yi shiru. Shirun zai yi nauyi, kada ka cike shi. Mutum yana bukatar ɗan lokaci kafin ya haɗiye abu irin wannan.

Hattara: kalmomin "wawa", "kwaɗayi" da "ai na gaya maka" su zauna a cikinka. Karin maganar kwaɗayi mabuɗin wahala gaskiya ce, amma a wannan zaman zagi ce. Haka nan kada ka fara da haram da halal. Malami yana da amfani daga baya, musamman a kan na kawo mutane, inda ribar mutum take fitowa daga asarar ɗan'uwansa. Amma in ka buɗe da wa'azi, zai ji ana tuhumar imaninsa ne.

7. Gwajin cire kuɗi

Kada ka nemi ya yarda da kai a zaman farko. Nemi abu ɗaya ƙarami: kwana uku ba tare da ya tura ko sefa ɗaya ba, a cikinsu kuma ya nemi a ba shi dukan abin da ke asusunsa.

Ku yi sharaɗin tun kafin ya danna, da baki ko a rubuce: za a nemi kuɗin duka, ba wani yanki ba, ba za a biya komai don a sake su ba, in akwai haraji ko tara, su cire daga cikin kuɗin da ke wurinsu su turo ragowar. Sai kuma ka gaya masa abin da za su ce tun kafin su faɗa: za su ce aiki bai kammala ba, za su ce asusu ya daskare, za su ba shi awa biyu ko ya rasa komai, ƴan rukuni kuma za su yi masa caa, wani ya ce shi ma haka ta faru da shi ya biya aka sake masa. Idan maganganun suka fito ɗaya bayan ɗaya yadda ka faɗa, sun yi maka aikin da bakinka ba zai iya ba. Gani ya kori ji.

Ya ƙara da buƙatu biyu: kiran bidiyo da jami'ar, da adireshin ofis da za a iya zuwa a Kamaru ko Cadi.

Hattara: in har yanzu yana matakin farko, kuɗinsa a wurinsu bai wuce dubu biyar ko goma ba, suna iya biya, don sun san babba na tafe. Ka faɗa masa wannan tun kafin gwajin, in ba haka ba gwajin zai juye a kanka. In sun biya, ya karɓa ya tsaya nan. Kuma kada kai ka ba shi rancen "kuɗin ƙarshe" don a ga ƙarshen abin. Babu na ƙarshe. Kowane biya yana haifar da wani.

8. Amsoshin da za ka ji, da abin da za ka mayar

"Ai sun biya ni." Eh, sun biya. Nawa suka biya, nawa suka karɓa? Koma kan layi biyun.

"Abokina ya ciro dubu ɗari biyu." Ka gani a hannunsa, ko hoton allo ya nuna? In ma gaskiya ne, irin wannan tsari yana biyan na farko da kuɗin na baya har ranar da ya rufe. MIDA a Yawunde ta biya mutane kafin hukuma ta rufe ta a Afrilun 2018, dubban mutane suka bi layi suna neman kuɗinsu. MMM ta biya mutane a Najeriya kafin ta daskarar da asusu a Disambar 2016, CBEX ma haka kafin ta rushe a Afrilun 2025. Duk wanda ke da dangi a Mubi ko Yola ya ji labarin ɗaya daga cikinsu.

"Mutum ɗari uku ne a rukunin, duka wawaye ne?" Mutum ɗaya yana iya riƙe asusu da yawa. Ya duba ko akwai wanda ya sani ido da ido, ya kuma lura da abin da ke faruwa da duk wanda ya yi ƙorafi: ana share saƙonsa a cire shi.

"In na tsaya yanzu na rasa abin da na sa." Wannan ita ce ainihin igiyar da ta ɗaure shi, sauran duk ganye ne. Kada ka yi masa ƙaryar cewa kuɗin za su dawo. Ka ce masa: abin da ya tafi ya tafi tun ranar da aka tura shi, abin da ake magana a kai yanzu shi ne wanda ke aljihunka da wanda za ka ranto. In ya ci bashi, nuna masa za a zauna a tsara biya. Mutumin da ya ga hanyar fita daga bashin ya fi saurin sakin igiyar.

"Ni ba na biyan komai, turo mini ake yi ina turawa." Wannan shi ne tarko na huɗun nan na mataki na 2. Kuɗin da ke ratsawa ta lambarsa na waɗanda aka damfara ne, layin kuma da katin shaidarsa aka yi masa rajista. Ranar da wani ya kai ƙara, sunan da zai fito nasa ne, jandarma kuma ƙofarsa za su ƙwanƙwasa, ba ta wanda ke Telegram ba. Sashe na 318 na kundin hukunta laifuka na Kamaru ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tarar sefa 100,000 zuwa miliyan 1 a kan damfara, wanda kotu ta samu da haɗin baki kuma hukuncinsa ɗaya da mai laifin. Na shiga ban ɗauka ba ba ta fid da ɓarawo. Ya daina karɓa a ranar, kada ya taɓa abin da ya rage a asusun, kada ya share saƙo ko ɗaya, ya je ya kai rahoto da ƙafarsa kafin a zo nemansa.

9. In ya ƙi ji

Yana faruwa, kuma baligi ne, ba za ka ƙwace masa waya ba. Abin da ya rage shi ne ka rufe hanyoyin da kuɗin wasu za su bi su shiga. Gaya masa a fili cewa ba za ka ba shi rance ba, kuma za ka sanar da mutum biyu ko uku da zai iya zuwa wurinsu. Faɗa masa kafin ka yi, kada ya ji a bakin wani. In yana riƙe da kuɗin shago na haɗin gwiwa, kuɗin adashi ko na marayu, a nan ne manyan gida za su shigo, a karɓi ajiyar cikin mutunci. A duba takardar fili, katin moto da zinaren mata. In ya san lambar sirrin MoMo ta Inna ko ta matarsa, a canza.

A kuma hana shi jawo wasu, don na kawo mutane da dangi yake farawa.

Bayan haka kada ka yanke hulɗa. Ci gaba da gaisuwa, ka bar maganar. Ranar da abin ya fashe zai nemi wanda zai gaya wa, kuma ba zai je wurin wanda ya yi masa dariya ba.

10. In kuɗi sun riga sun tafi

Sauri ake yi, don kuɗin ba sa kwana a lambar da aka tura su.

A daina turawa, amma kada a gaya musu an gane su sai an gama ɗaukar shaida. A kira kamfanin wayar nan take, sannan a je babban ofishinsu, ba kiyos na bakin titi ba, da katin shaida da lambar shaidar kowane turi, a nemi su rubuta ƙorafi su toshe lambar da ta karɓa. A Kamaru MTN ko Orange, a Cadi Airtel ko Moov. In kuɗin suna nan ba a cire ba akwai ɗan fata. In an cire, dawowarsu da wuya, gara a faɗa masa haka. Kamfanin ba zai ba ku bayanan mai lambar ba sai da takardar umarni daga masu bincike, don haka kada ku ɓata lokaci kuna faɗa da ma'aikaciyar da ke kan tebur.

A rubuta ƙara a kai kwamisariya, birgad ɗin jandarma ko ofishin mai gabatar da ƙara na kotu, tare da hotunan da aka buga da jerin nan na rana, adadi, lamba da suna. A riƙe kwafi. Laifukan intanet a Kamaru suna ƙarƙashin dokar 21 ga Disamba 2010, hukumar ANTIC kuma tana karɓar rahoto a lambar 8202. A Cadi hukumar da ke kula da wannan fanni ita ce ANSICE.

Sai tsaftace wayar. A canza lambar sirrin MoMo ta *126# ko ta Orange Money ta #150#. A goge duk manhajar da suka sa ya sauke; in wayar tana abin da ba a gane ba, a kwashe hotuna a mai da ita yadda ta fito daga kamfani. A WhatsApp a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a duba na'urorin da aka haɗa, a Telegram ma a fitar da duk na'urar da ba a sani ba. In ya tura hoton katin shaidarsa, a rubuta wannan a cikin ƙarar, a kuma tambayi kamfanin waya layuka nawa ke kan sunansa.

11. Masu dawowa karo na biyu

Bayan kwana kaɗan ko makonni, wani zai tuntuɓe shi: lauya ne, ɗan sandan intanet ne, ko gwanin kwamfuta da ke dawo da kuɗin da aka sace, ya san adadin da aka ci masa har da ranar. Ya sani ne don su ɗin ne, ko sun sayi sunansa daga na farko. Zai nemi kuɗin buɗe fayil. Gaya wa ɗan'uwanka wannan tun ranar da aka kai ƙara, ku yi alkawari duk saƙon da ya zo a kan maganar zai turo maka kafin ya amsa.

Bukatar da ta kai shi kuma tana nan, ba ta tafi da Telegram ba. In matashi ne mai neman aiki, raka shi ofishin FNE, hukumar samar da aikin yi, na Garwa, Marwa ko Ngawundere ya yi rajista, a Njamena kuma takwararta ONAPE. Ya tafi da katin shaida, kwafin takardun makaranta da takardar tarihin aiki, ya bar lambar da ake samunsa a kai, sabuwar in an canza layi.